Ranar da Anka Cika Jirgin Alhaji Idi da Ruwa Ina Ciki

Shekaranjiya ina durƙushe bakin gulbi ina fidda gefen wani farin soso, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da mashin ɗinshi ya yi ta kallona. Can ya ce, "Baba, wai wagga ma sana'a ta? Ai yankan burodi ya fi ta wuya." Na miƙa mashi wuƙa na ce bisimilla. Ya ja sau biyu, soson ya yi ƙiii, ya ɓare gida uku, ɓurɓushi ya manne mashi tun daga wando har gira. Kajin mashigi sunka sheƙo a guje, sun zaci tsaki ne. Gogan naku ya tada mashin ko sallama babu. To ku da kuke ƙyaƙyata dariya yanzu, ku matso kusa, don da ku na ba wuƙar abin da za ku yi ke nan.

Ku fara sanin soso iri biyu ne. Akwai na katifa, wanda in ya ga ruwa sai ya sha ya ƙoshi ya yi nauyin jaki. Akwai fari mai tauri, wanda ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin, shi ko kwana bakwai ya yi a gulbi yana nan sama yana yawo. Da shi nake aiki. Ana yi mashi akwati na katako ƙarƙashin bencin jirgi, da wani a can hancin jirgin, ni kuma in yanka shi ya cika akwatin tam. Ranar da ruwa ya cika jirgi, Allah ya kiyaye, soson nan ke riƙe shi sama har mutane su samu abin kamawa kafin agaji ya zo. Aikin ke nan.

Ni ba ɗan ruwa ba ne, ku sani tun yanzu. Babana manomin gero ne, kuma har gobe in ruwa ya wuce min cibiya salati nake farawa. A Bagudo na koyi yanka, wurin Malam Garba mai kushin. Wata uku na yi a shagonshi ban taɓa soso ba, wasa wuƙa kawai. Wuƙarshi tsohon bakin zarto ce da anka goge haƙoranta, doguwa, siririya, an naɗe mata ƙota da robar taya. In na wasa na kawo, sai ya aske gashin hannunshi da ita, in gashi ɗaya ya tsira ya ce, "Ummaru, koma ka gaida dutse." Da ya yarda in fara yanka kuma, ba ya duba aikina da ido. Rufe ido yake yi ya bi da tafin hannu, in ya ji tudu ko kwari ya ce, "Wannan hanyar Kaoje ce ka yi min ko kujera?" Shi ya koya min a ja wuƙa jan tsawo sau ɗaya, ba a yi mata gurza-gurza, kuma a riƙa tsoma ta ruwan sabulu don ta sulale.

Aikin jirgi na farko da na yi, wani Badende ne daga tsallaken iyaka ya kawo shi. Ya ga irin akwatin nan can ƙasar Binin, ya tara farin soso buhu biyu, ya zo neman mai yanka. Malam Garba ya ce shi ya tsufa da hawa jirgi, ya tura ni. Na yini ina yanka, na jera su gwanin sha'awa, sai na ce bari in burge mutumin, in manne su da gam ɗin masu takalma. Na shafa, na juya in sha ruwa. Da na waiwayo, jama'a, soso ya tafi! Ya narke ya koma wani farin majina a gindin akwati. Badenden nan ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa, ya ce, "Yaro, cinye shi ka yi?" Ranar na san duk abin da ke da warin fetur abokin gabar farin soso ne.

Mutumin bai kore ni ba, dariya ta hana shi. Shi ne ma ya nuna min baka. Reshen geza ne ake lanƙwasawa kamar na maharba, amma maimakon tsirkiya a ɗaura siririyar wayar tsohuwar hita, a jona ta da batirin mota. Waya ta ɗauki zafi, ta bi cikin soso shiru, ba ƙara, ba ɓurɓushi, ta bar fuska sumul mai ɗan ɓawo. Amma tana da sharuɗɗa. In ta yi ja ta yi yawa, za ta ci fiye da layinka. In ka tura ta da ƙarfi za ta lanƙwashe ta yi maka ciki. In ka tsaya tsakiyar yanka don ka amsa gaisuwa, nan take za ta haƙa rami, shi ya sa mutanen mashigi ke cewa Ummaru mai soso ba ya amsa sallama. Ina amsawa, sai dai in waya ta fita. Iska ma tana sanyaya ta, dole ka juya mata baya ka kare. Hulata biyu ta ƙone kafin mu saba da juna.

Kuma jirgi ba kabad ba ne, babu layi madaidaici ko ɗaya a cikinshi. Kowane katako da irin lanƙwasarshi. Sai ka shiga da kwali da gawayi ka zana surar wurin, ka yanke kwalin, ka gwada, ka rage, ka sake gwadawa, sannan ka ɗora kan soso. Ka bar shi ya fi wurin girma da kaurin farce, ka ɗan fiƙe ƙasanshi, ka tura da tafin hannu har ka ji ya ce ɗuf. In ya ce ɗuf, ka gama. In ya shiga ba magana, akwai rata.

Masu jirgi kuwa, kai, Allah ya shirya su. Wani zai zo da soson katifar matarshi ya ce ai soso soso ne. Wani ya ce in yi mashi akwati ƙarami don kada ya ci wurin buhu. Akwai wanda ya tambaye ni ko zan iya sa mashi a jaki.

Jirgin Alhaji Idi shi ne babba a mashiginmu, ƙasa da Lolo kaɗan. Na maɗaci ne, mai inji, ranar kasuwa yana kwasar mata da albasa da awaki har da mashin. Hancinshi na fara yi. Kwana biyu na yi kan guntu ɗaya tak, da waya, na fitar da shi daidai surar wurin, na tura shi ya ce ɗuf, sannan kafinta ya buga rufin bisa. Na tsaya ina kallon abina ina jin daɗi. Sai Alhaji Idi ya iso da carbinshi ya ce, "Malam Ummaru, kwana biyu hanci kaɗai? Jibi kasuwa, jirgina zai shiga ruwa ko da soso ko babu." Akwatuna huɗu sunka rage, batirina kuma ya yi sanyi. Na ɗauki wuƙa na dinga sara ina cusawa, guntu nan guntu can, rata ko'ina. Na ce a raina ai ba mai gani, katako zai rufe. Wallahi na san ba daidai na yi ba, amma na yi.

Sai ga shekarar da anka rufe iyaka. Firji ya daina shigowa, kwali ya daina zuwa, soso ya ɓace kamar an share. Na koma bin masu gyaran talabijin har Kamba ina roƙon tsofaffin kwalaye, wata rana in dawo da guntu ɗaya a hammata. Kuma ga abin da ban lissafa ba. Matuƙan gulbin nan sun daɗe da sanin cewa in ka jefa farin soso cikin fetur ya narke, ya zama danƙo, babu abin da ya kai shi toshe yoyon jirgi. Da can ɓurɓushina suke kwasa kyauta, har ina gode masu sun share min wuri. Yanzu babu yanka, babu ɓurɓushi, jirage kuma ba su daina yoyo ba don an rufe iyaka. Ni dai na ga sun daina tambayata, na ce sun haƙura.

Ana cikin haka kaya ya yi ƙaranci, kowa na son ya cika jirgi maƙil in ya samu. Alhaji Idi ya kai magana gaban Sarkin Ruwa, dattijon da ke yanke hukunci a mashigi, ya ce a ɓalle akwatunan nan duka, suna cin wurin buhu huɗu a banza. Anka taru gindin ɗorawa. Baba Maiwada kafinta, wanda tun farko bai ƙaunar aikina, ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, kakanninmu sun ƙetare gulbin ga ba da kwalin firji ba. Wa ya taɓa ganin abin ga ya ɗaga jirgi? Wa?" Mutane sunka fara gyaɗa kai.

Ni kuma kun san bakina. Na zabura na ce, "A cire inji, a sa buhun yashi madadinshi, a cika jirgin Alhaji da ruwa ranar kasuwa gaban kowa. In ya nutse a ɓalle akwatuna duka, in tattara bakana in koma gona." Baba Maiwada ya ce, "Kai kana ina lokacin? Bisa tudu?" Na ce, "Ina ciki!" Anka fashe da dariya, don har kajin mashigi sun san Ummaru bai iya iyo ba. Sarkin Ruwa ya ce, "Ka ji abin da ka faɗa?" Na ce na ji, ranka ya daɗe. Ina hanyar gida ƙafafuna sunka fara tambayata wa ya aike ni.

Ranar kasuwa mashigi ya cika ya batse. Har mutanen tsallake sun zo, wasu bisa itace. Mai shayi ya kwaso teburinshi ya dawo bakin ruwa. Na sa sabuwar taguwata, don in ma mutuwa ce a same ni tsaf. Sarkin Ruwa ya sa ƙananan jirage biyu na masunta su tsaya kusa. Anka ja mu zuwa inda gora ba ta taɓa ƙasa, ni da Bawa, matuƙin Alhaji Idi, ƙato mai 'ya'ya uku wanda ke iyo kamar a ruwa anka haife shi. Na zauna bencin baya na harɗe ƙafa, na ɗaga wa jama'a hannu. Masunta sunka fara kamfatar ruwa da bokiti suna zubawa.

Ruwa ya kawo idon sawu, ina murmushi. Ya kawo ƙwauri, ina ɗaga hannu. Sai na lura Bawa yana zufa, mutumin da ke tsaye cikin ruwa. Ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam Ummaru, da ka koma gaba."

Na ce, "Don mi?"

Ya ce, "Iska ya fi daɗi can."

Na ce, "Bawa, dube ni. Mi kunka yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaɗan-kaɗan muka ɗiba. Yoyo na, Malam. Katako ɗaya muka ɗagawa mu zaro guntu mu maida ƙusa."

Na ƙwanƙwasa akwatin da nake zaune a kai. Ya amsa min kamar ganga. Na ce, "Nawa ya rage?" Ya ce, "A wane?" Na ce, "A duka!" Ya ce, "Na hanci dai ya ƙi fita. Mun ja, mun zungura, ba inda yatsa zai shiga."

Inna lillahi! Na miƙe in ce a tsaya, sai jama'a sunka zaci kirari zan yi, sunka ɗauki sowa. Masunta sunka ƙara himma. Ina ihu "Ku bari! Ku bari!" su suna jin daɗi suna zubawa. Bayan jirgi ya yi wani gurnani ya fara zama. Ban san lokacin da na tsallake benci huɗu ba, ni da ko kwalbati ba na tsallakewa sai na tattare riga. Takalmina ɗaya ya tafi, hula ta bi shi. Na rungume hancin jirgi hannu da ƙafa, na karanto duk surar da na sani, har da waɗanda ban haddace ba.

Baya ya nutse, buhunan yashi sunka gangara can, tsakiya ta nutse, ruwa ya zo min ƙugu, ya zo ƙirji. Na rufe ido. Sai na ji abin ya tsaya. Na buɗe ido ɗaya. Jirgin Alhaji Idi na tsaye cak cikin gulbi, hanci sama, ni a maƙale bisa, muna juyawa a hankali ina ganin Najeriya ina ganin Binin. Guntu ɗaya tak, wanda na ɓata kwana biyu a kai, shi ya riƙe maɗaci da yashi da ni. Bawa na zagaye ni da iyo yana cewa, "Ka gani ko, Malam, ai na ce ka koma gaba." Da ina da hannun da ba ya aiki da na kai mashi duka.

Sai da masunta uku sunka ɓamɓare ni daga katakon nan. Da anka jawo jirgi gaɓa gardama ta kaure. Baba Maiwada na cewa ya nutse, mai shayi na cewa bai nutse ba, Alhaji Idi na zagaye jirginshi yana salati. Sarkin Ruwa ya ce da ni, "Ummaru, rabi ya tafi, rabi ya tsaya. Mi za ka ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɓalle katakon benci a duba." Anka ɓalle na farko, wayam. Na biyu, wayam. Na faɗi gaskiya gaban kowa, na ce su sun ɗiba, amma ni na bar masu ƙofa, don da na yanka na benci yadda na yanka na hanci da ba su samu abin zarowa ba. Sarkin Ruwa ya ce a buɗe na sauran jiragen da ke mashigi. Matuƙa sunka fara kallon sama. Jirgi bayan jirgi, akwati bayan akwati, babu komai sai gizo-gizo. Ana buɗewa ana dariya, har wani ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki.

Mata ne ba su yi dariya ba. Suna tsaye gefe da kayansu suna jiran a gama wasa a ƙetare da su. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ratso ta cikin maza, Inna Kulu, mahaifiyar Bawa. Ta durƙusa gaban bencin tsakiya na jirgin Alhaji Idi, ta zura hannu cikin akwatin har kafaɗa, ta laluba. Ta zaro wani cokali da ya lanƙwashe, wanda sunka riƙa ƙwaƙule kusurwa da shi. Ta juya shi, ta duba gindinshi, ta ce, "Bawa, wannan ba cokalina ba ne da nake nema tun farkon damina?"

Anka sake tuntsirewa. Ita ko ba ta ko murmusa ba. Ta ce, "Nan nika zama. Duk kasuwa nan nika zama, da ɗiyarka bisa cinyata. Ranar da iska ya taso tana kuka, ni na ce mata ta yi shiru, akwai abin Malam Ummaru ƙarƙashinmu." Dariyar ta mutu. Bawa, ƙato guda, ya tsuguna ya rufe fuska da hannu biyu.

Alhaji Idi ya yi gyaran murya ya ce to tunda dai akwatunan ba komai ciki, kuma soso babu shi a ƙasa, ai gara a ɓalle. Inna Kulu ba ta ko dube shi ba. Ta koma wurin kayanta ta kinkimo kularta, irin farin akwatin soson nan da masu kifi ke sa ƙanƙara ciki, wanda ba ta da wani sai shi. Ta shimfiɗa zane a ƙasa, ta juye kifin da ƙanƙarar duka a kai, cikin rana. Ta dire kular gabana. Kafin in buɗe baki, ta bayanta ta juye tata, mai sayar da ruwan sanyi ta juye tata, kuloli sunka yi ta taruwa gabana ina tsaye da takalmi ɗaya, ruwa na ɗiga daga sabuwar taguwa.

Sarkin Ruwa ya ce ba jirgin da zai tashi sai an cika akwatinshi, kuma ba wanda ya ƙara maganar ɓallewa. Wani direba ya kwance batirin motarshi ya kawo, anka aika gida anka ɗauko min bakana. Na jona waya, na juya wa iska baya.

Inna Kulu ta zauna kan yashi daf da ni, ta ɗora cokalin bisa cinya, ta ce, "Ɗana, kada ka yi sauri. Kifin ya lalace in ya ga dama. Muna jira."